Ƙiyasin da Ya San Iyakarsa

Duk ɗalibin da ya danna maɓallin sayin a kalkuleta, kafin ya ɗaga yatsa amsa ta fito, lambobi tara ko goma a jere bayan ɗigo. Amma in ka ɗebe 'yan kusurwoyi ƙalilan irin su digiri 30 da digiri 90, amsar nan ba cikakkiya ba ce, ba kuwa za ta taɓa cika ba, domin lambobin da ke bayan ɗigon ba su da ƙarshe, ba su kuma maimaita kansu. Abin da na'urar ta nuna ƙiyasi ne. Masana lissafi sun shafe kusan shekara dubu biyu suna gyara wannan ƙiyasi, kuma in ana ba da labarinsu, abu biyu aka fi yabawa: saurin da aka samu da yawan lambobin da aka kai. A ganina babban canjin yana wurin da ɗan Adam ya koyi faɗin iyakar kuskurensa alhali bai san amsar gaskiya ba, wato ya iya cewa: lambar nan da na ba ka ba daidai take ba, amma tazararta da gaskiya ba ta wuce kaza ba, ga kuma hujjata. Wannan ilimi shi ya sa ƙiyasi ya zama abin da za a iya gina gada ko a tuƙa jirgi da shi, kuma shi ne ɓangaren da zamanin na'ura ya fi ɓoye wa masu koyo.

Matsalar tsohuwa ce. Mai nazarin taurari da ke son sanin inda wata zai tsaya, da mai awon ƙasa, da matuƙin jirgin ruwa, dukansu suna buƙatar su san tsawon da wata kusurwa ke bayarwa. Wajen shekara ta 150 miladiyya, a birnin Iskandariya, Batlimus ya tsara jadawali a littafinsa da aka fi sani da Almajisti. Abin da ya lissafa shi ne tsirkiya, wato miƙaƙƙen layin da ke haɗa bakuna biyu na wani yanki na da'ira, ya kuma yi hakan ga kowane rabin digiri har zuwa 180, a da'irar da faɗinta 120 ne. Siffa mai gefe biyar da mai gefe shida sun ba shi tsirkiyar digiri 72 da ta 60. Daga bambancinsu ya sami ta 12, sannan ya yi ta rabawa biyu: 6, 3, ɗaya da rabi, har zuwa uku bisa huɗu na digiri. Nan hanya ta toshe. Digiri ɗaya cur, wanda dukan jadawalin ya dogara a kansa, ba ya cikin wannan zuri'a, domin samunsa sai an raba kusurwa gida uku, abin da rula da kamfas ba su iyawa, ko da yake sai a 1837 Pierre Wantzel ya kafa hujjar rashin yiwuwar hakan.

Abin da Batlimus ya yi a wannan mashiga ya cancanci a tsaya a kansa. Ya fara da kafa hujja cewa idan kusurwa ta ƙaru, tsirkiyarta ma na ƙaruwa, amma ba ta kamo gwargwadon ƙaruwar kusurwar. Da wannan ya nuna cewa tsirkiyar digiri ɗaya ta gaza huɗu bisa uku na tsirkiyar ƙaramar kusurwar da ke hannunsa, ta kuma zarce biyu bisa uku na tsirkiyar digiri ɗaya da rabi. Da ya buga lissafin, iyakar sama da ta ƙasa suka faɗo kan lamba guda, gwargwadon guraben da yake aiki da su: 1, da 2 cikin 60, da 50 cikin 3600. Bai san tsirkiyar ba, amma ya tare ta gaba da baya har ba ta da wurin motsi. Ke nan tunanin iyakar kuskure ya girmi jeri marar ƙarshe da fiye da shekara dubu. Abin da babu a lokacin shi ne hanya guda da za ta ci kowace kusurwa. Kowace lamba sai an nemo mata tata dabarar.

Ƙarnukan da suka biyo baya sun tafi ne wajen ƙara lambobi. A Indiya, Aryabhata ya yi aiki da rabin tsirkiya, wanda shi ne sayin ɗinmu na yau, ya kuma ba da ƙimomi 24 a shekara ta 499. A ƙarni na 7 Bhaskara na farko ya kawo wata gajeriyar ƙa'ida da kuskurenta bai kai 0.002 ba a kowace kusurwa daga sifiri zuwa 180. Malaman duniyar Musulunci, waɗanda lokutan salla da alƙibla da ganin wata suka sa wannan fanni ya zame musu aikin yau da kullum, sun kai jadawalin wani matsayi: Battani a Raƙƙa, Abul Wafa a Bagadaza, Biruni a Gazna. Ƙololuwar wannan tafarki tana Samarkand, a ɗakin nazarin taurari na Ulugh Beg, inda Jamshid al-Kashi, wanda ya rasu a 1429, ya tunkari tsohuwar matsalar digiri ɗaya ta wata ƙofa. Ya san sayin ɗin digiri 3, ya kuma san dangantakar da ke tsakanin sayin ɗin kusurwa da na ninkinta uku, sai ya mayar da tambayar ta zama lissafin aljabara, ya riƙa zuba amsa cikin lissafin yana fitar da wadda ta fi ta, zagaye bayan zagaye, har ya kai abin da a rubutunmu na yau ya yi daidai da gurbi 16 bayan ɗigo. Aiki ne na gwaninta, amma har yanzu dabarar kusurwa guda ce.

A daidai wannan zamani, a yankin Kerala na kudancin Indiya, Madhava na garin Sangamagrama ya gano abin da ya sauya fannin daga tushe. Rubutunsa a kan batun bai iso gare mu ba. Magadansa ne suka adana sakamakon suka jingina masa, kuma littafin Yuktibhasa na Jyesthadeva, wanda aka rubuta da harshen Malayalam wajen 1530, ya kawo hujjojin. A rubutun zamani abin da ya gano shi ne: idan aka auna kusurwa da radiyan, wato da tsawon yankin da ta yanka a da'irar da rabin faɗinta 1 ne, aka kira ta x, to sayin ɗinta shi ne x − x³/6 + x⁵/120 − x⁷/5040, haka har abada, gaɓa na bin gaɓa, ana tarawa ana ɗebewa. Ba zane, ba siffa mai gefe biyar, ba dabara ta musamman. Ninkawa ce da rabawa da tarawa, ƙa'ida ɗaya ga dukan kusurwoyi. A gwada ta a kan digiri 30, wanda kowa ya san sayin ɗinsa rabi ne. A radiyan kusurwar 0.52359878 ce, kuma ita ce gaɓar farko. A ɗebe ta biyu, 0.02392460, a sami 0.49967418. A ƙara ta uku, 0.00032795, a sami 0.50000213. A ɗebe ta huɗu, 0.00000214, a sami 0.49999999.

Wanda ya lura da waɗannan lambobi zai ga wani tsari: jimlar farko ta wuce rabi, ta biyu ta gaza, ta uku ta wuce, ta huɗu ta gaza, kuma kowane tsallake ya fi wanda ya gabace shi gajarta. Kamar ciniki ne a kasuwa, mai kaya na saukowa mai saye na hawa, kuma duk wanda ke sauraro ya san cewa kuɗin da za a sallama yana tsakanin tayin ƙarshe da abin da mai kaya ya nema. A nan iyakar kuskure ta fito da kanta. Muddin alamun gaɓoɓi na musanyawa, girmansu na raguwa yana nufar sifiri, to duk inda ka tsaya, kuskurenka bai kai girman gaɓar farko da ka bari ba. A misalinmu, wanda ya tsaya a gaɓa ta uku ya san kuskurensa bai kai 0.00000214 ba, ko da bai taɓa jin cewa amsar rabi ce ba, kuma da aka duba kuskuren 0.00000213 ne. Haka nan digiri ɗayan da ya tare Batlimus ya kuma ci ƙarfin al-Kashi: gaɓa biyu sun ba da 0.0174524064, daidai har gurbi 10, gaɓa ta huɗu kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin 1 mai sifiri 16 a bayansa ba, don haka gaɓa uku sun wadatar a kamo al-Kashi. Abin da ya fi sauƙin aikin muhimmanci shi ne cewa mai lissafin ya san, tun kafin ya kama alƙalami, gaɓa nawa zai buƙata.

Sai dai jeri suna suka tara. Wanda ke ba da π, wato 1 − 1/3 + 1/5 − 1/7 har abada a ninka da huɗu, shi ma Madhava ya san shi, kuma shi ma daidai ne, amma tafiyarsa ta hawainiya ce: neman gurbi 10 da shi sai an tara biliyoyin gaɓoɓi. Malaman Kerala sun ga wannan, suka ƙirƙiro gaɓar gyara da ake liƙawa a wurin da aka tsaya domin ta wakilci jelar da aka yanke, wanda ke nuna cewa ragowar jeri ta dame su tun farko. Turai ta sake gano waɗannan jeruka da kanta bayan fiye da shekara 200. Isaac Newton ya rubuta jerin sayin a 1669, James Gregory na Sikotilan ya sami na kusurwar tanjan a 1671, Leibniz ya sami na π 'yan shekaru bayan haka, sannan Brook Taylor ya buga ƙa'idar da ta haɗa su duka a 1715. Ƙarni na 18 ya rungumi jeri da hannu bibbiyu. Ana tara su, ana ninka su, ana juya su, sau da yawa ba tare da an tambaya ko jimlar na dosar wata lamba ba. Gwanaye irin su Euler basirarsu ta tsare su daga mafi yawan ramukan, amma basira ba abin da ake iya miƙa wa ɗalibi ba ce.

Gyaran ya zo ne a matakai biyu. A littafinsa na 1797, Joseph-Louis Lagrange ya ba da siffar ragowar jerin Taylor: abin da aka bari bayan kowace gaɓa kamar gaɓa ta gaba yake, sai dai ana auna saurin canjin a wani wuri da ba a sani ba tsakanin mafari da inda ake nema. Da farko abin kamar ba shi da amfani, tunda wurin ɓoyayye ne. Amma ba a buƙatar saninsa, mafi munin abin da zai iya faruwa kawai ake buƙata. Ga sayin da kosayin lamarin ya zo da sauƙi, domin duk yadda aka bi saurin canjinsu hawa bayan hawa, sayin ko kosayin ake komowa, su kuwa ba su wuce 1 ba su gaza −1. Saboda haka kuskure ba ya wuce x da aka ninka da kansa sau n, a raba da 1×2×3 har zuwa n, inda n ita ce lambar da ke saman x a gaɓar farko da aka bari, kuma wannan na ƙasa ko ba daɗe ko ba jima sai ya rinjayi na sama, kome girman x. Mataki na biyu na Augustin-Louis Cauchy ne, wanda a 1821 ya fayyace abin da ake nufi da jeri ya doshi wata lamba, ya kuma nuna a 1823 cewa akwai ƙa'idar lissafi mai santsi wadda dukan gaɓoɓin jerinta sifiri ne alhali ita kanta ba sifiri ba ce. Daga nan aka daina ɗaukar jeri da amsa a matsayin abu ɗaya. Abin da ke haɗa su shi ne hujjar cewa ragowa na ƙanƙancewa, in babu ita jerin rubutu ne kawai.

Yawancin masu aiki da sayin ba su taɓa ganin waɗannan hujjoji ba, domin jadawali ne ya tsaya tsakaninsu da su, kuma tarihin jadawali ya koyar da wani darasi na dabam. Babban jadawalin Rheticus da aka buga a 1596 ya ba da gurbi 10, amma ƙimomin wasu ƙananan kusurwoyi sun fito da kuskure, saboda an raba da lambobi ƙanana waɗanda gurabensu ba su isa ba, har sai da Bartholomaeus Pitiscus ya sake lissafa shafukan farko. A Faransa, a shekarun 1790, Gaspard de Prony ya kasa aikin jadawali hawa uku: manyan masana su zaɓi ƙa'ida, na tsakiya su shirya takardu, sannan mutum 60 zuwa 80 su yi ta tarawa da ɗebewa. Yawan kurakuran lissafi da na ɗab'i a irin waɗannan littattafai na daga cikin abin da ya sa Charles Babbage ya gabatar da shirin injin lissafinsa a 1822. Waɗanda suka yi sakandare a Najeriya da Gana kafin kalkuleta ta yawaita sun gaji ƙarshen wannan zamani a ɗan littafin nan na fo-figa. Kome gajiyar da ke cikin bin layi da yatsa da tara lambar gefe, littafin yana da wata falala: ya faɗi iyakarsa a bangonsa. Ɗalibi ya san guraba huɗu aka ba shi, ya san na huɗun ma an daidaita shi ne, don haka rubuta amsa mai gurbi takwas daga irin wannan jadawali abin kunya ne a wurin malami.

Na'ura ta kawar da jadawali, kuma a nan ne suka ta farko take fitowa. Mai suka zai ce kwamfuta ma ba jerin Taylor take amfani da shi ba, don haka koyar da shi da iyakarsa ajiyar kayan tarihi ne. Akwai gaskiya a rabin farko na maganar. Jack Volder ya wallafa hanyar CORDIC a 1959 domin na'urar tuƙin jirgin sama, hanyar da ke juya kusurwa da 'yan ƙananan matakai ba tare da ninkawa ba, kuma kalkuletar HP-35 ta 1972 ta bi makamanciyarta. Manhajojin kwamfuta kuwa sun fi amfani da gajerun jeruka da aka gyara ta hanyar da ta faro daga aikin Chebyshev, wadda Remez ya ba ta tsari a 1934, domin jerin Taylor ya fi kyau kusa da sifiri yana lalacewa in an yi nisa, su kuwa suna baza kuskuren daidai wa daida a kan dukan tazarar. Amma a duba abin da ke ciki. Shahararriyar manhajar fdlibm da kamfanin Sun ya fitar a 1993 tana fara da mayar da kowace kusurwa cikin digiri 45, sannan ta yi aiki da jeri mai tsayawa a x¹³, inda na Taylor zai buƙaci kaiwa x¹⁷. Lambar da ke gaban x³ a cikinta ba ta rabu da ɗaya bisa shida ba sai a gurbi na 16, kuma marubutan sun rubuta iyakar kuskuren ƙarara a cikin bayanin manhajar. Jerin Madhava ne aka yi wa kwaskwarima, kuma ma'aunin da aka yi kwaskwarimar da shi iyakar kuskure ce. Wanda bai fahimci ragowar Lagrange ba ba zai gane abin da Remez ya gyara ba.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi. Za a ce: to, ƙwararru sun riga sun kafa hujjar, sun rufe ta cikin na'ura, me ya kai mai amfani da ita ga wahalar sani? Amsar ita ce kowace iyaka tana da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ake fara mantawa. Hujja ta ce jerin sayin na aiki ga kowace kusurwa, amma hujjar ta ɗauka cewa mai lissafi na riƙe da guraba marasa iyaka, na'ura kuwa ba ta da su. A ba jerin radiyan 10, gaɓoɓinsa za su hau daga 10 zuwa 167 zuwa 833 zuwa 1984 har 2756 kafin su fara sauka, alhali amsar −0.544 ce. A ba shi radiyan 30, wata gaɓar za ta haura biliyan 700, kuma na'ura mai riƙe lamba 10 ba abin da za ta fitar sai shirme, domin manyan lambobin sun cinye juna sun tafi da guraben da ake nema. Shi ya sa ake fara rage kusurwa, ragewar kuma tana buƙatar π mai guraba masu yawa. Manyan kamfanoni ma sun yi tuntuɓe a nan. Umarnin sayin da ke cikin na'urorin Intel ya daɗe yana aiki da π mai guntun tsawo, don haka kusa da digiri 180 amsarsa na rasa guraba da yawa, alhali takardun kamfanin sun yi alkawarin kuskuren da bai kai ɗaya a gurbin ƙarshe ba. A 2014 wani injiniyan manhaja, Bruce Dawson, ya fito da girman giɓin fili, kamfanin kuma ya gyara takardunsa. Wanda ya gano abin mutum ne da ya san irin tambayar da ake yi wa ƙiyasi, kuma in aka daina tarbiyyar irin waɗannan mutane babu mai duba alkawarin na'ura.

Suka ta uku daga tarihi take. Madhava da Newton da Euler sun gano manyan abubuwa ba tare da ƙa'idojin Cauchy ba, kuma ana iya cewa da an ɗaure su da sharuɗɗa tun farko da ba su yi nisa ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Na yarda cewa ganowa kan riga hujja, kuma ajin da ya fara da tsoratar da ɗalibi da sharuɗɗa kafin ya ɗanɗana daɗin ganin jeri na dosar amsa ya yi kuskuren tsari. Amma aikin mai ganowa dabam, aikin mai miƙa wa jama'a dabam. Euler in ya yi kuskure, wani masani zai gyara a wata takarda. Ƙa'idar da aka dasa a cikin miliyoyin wayoyi da jiragen sama tana gudana ba tare da wani mai basira na kallonta ba, a kan kusurwoyin da marubucinta bai taɓa gwadawa ba. Gwaji na nuna cewa abu ya yi aiki a wuraren da aka gwada, hujjar iyaka kuwa tana magana a kan dukan wuraren da ba a gwada ba. Gwargwadon yadda lissafi ke fita daga hannun mutum yana komawa cikin na'ura, gwargwadon yadda buƙatar hujjar ke ƙaruwa.

Akwai kuma masu cewa duk wannan ƙwaƙƙwafi ne, tunda ba wanda ke buƙatar gurbi 16. Wannan gaskiya ne, kuma hujja ce a gare ni, domin iyakar kuskure ita ce ke gaya wa mutum lokacin da zai tsaya. Daga Kano alƙibla na wajen digiri 68 daga arewa zuwa gabas, Makka kuma na da nisan kusan kilomita 3,500. Kaucewar digiri ɗaya na kai layin kusan kilomita 60 gefe, kuma kamfas ɗin da ke cikin waya na iya kaucewa fiye da haka in akwai ƙarfe kusa. A irin wannan aiki guraba huɗu na sayin sun isa har da saura, rauni yana wurin awo. Haka injiniya ko ɗalibin kimiyya da ke ɗaukar sayin ɗin ƙaramar kusurwa daidai da kusurwar kanta: jeri ya gaya masa cewa kuskuren bai wuce x³/6 ba, wato kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari a digiri 10, amma kusan kashi biyar cikin ɗari a digiri 30. Da wannan zai san inda sauƙaƙawar ta halatta da inda ta zama ganganci. Wanda bai san iyaka ba yakan faɗa ɗayan ramuka biyu: ko ya kwafe lamba goma daga allo a kan awon da aka yi da tef, yana zaton ya ƙara daidaito, ko ya yanke lissafi a inda bai kamata ba.

Idan aka waiwaya, riba a bayyane take. Abin da ya ci shekarun ma'aikatan de Prony yanzu yana aljihun kowane ɗan makaranta, ba kuskuren ɗab'i, ba layin da ido ya tsallake, kuma ba mai hankalin da zai nemi a koma baya. Asarar ba ta fito fili haka ba. Batlimus ya nuna iyakokinsa biyu a shafin littafi, malaman Kerala sun rubuta gaɓar gyaransu, fo-figa ya faɗi gurabensa, amma allon na'ura lamba yake nunawa tsirararta, ba ya cewa kome game da tazararta da gaskiya, sai mai kallo ya ɗauka babu tazarar. Maganin wannan yana aji. Bai isa a sa ɗalibi ya haddace jerin sayin ba. A tambaye shi gaɓa nawa yake buƙata domin kuskure ya gaza ɗaya cikin miliyan a digiri 40, me ya sa, kuma me zai faru in aka ninka kusurwar goma. Wannan darasi ba ya buƙatar ɗakin gwaji ko wutar lantarki, takarda da fensir da malamin da ya fahimta sun wadatar. Ƙasashen da ke sayen na'urorinsu daga waje suna karɓar lambobi iri-iri daga injunan da ba su suka ƙera ba, daga awon filaye zuwa hasashen damina. Ba lalle ne kowane ɗalibi ya iya ƙera injin ba, amma kowane ɗalibi na iya koyon tambayar girman kuskuren lambar da aka ba shi da sharaɗin da aka gina ta a kai, kuma wajibi ne makarantunmu su koya masa.